Amsar Ƙarfe Goma

Kullum ranar aiki, ƙarfe goma daidai saƙon shef, wato shugaban wurin aiki, yake faɗowa a odinatar Maina, kwamfutar da yake aiki da ita: “Barka da aiki. Rapor ya kankama?” Rahoton aiki yake nufi. Shef Fannami a ɗaya biron, wato ofishin ƙungiyar da suke wa aiki, yake zama, can ƙarshen garin Diffa, kuma ba ya son amsa ta wuce minti biyar.

Matsalar Maina tattasai ce. Gonarsa tana Shetimari, ban ruwa kuwa da hantsi ake yi. Aikin biro awa biyu na yamma sun ishe shi, amma saƙon nan ya ɗaure shi a kujera, shuka tana ta yaushi.

Ya kai kuka wurin ƙanwarsa Bushra, wadda ta karanci ilimin kwamfuta a Damagaram. Ba ta ko yi dogon tunani ba.

“Wannan mai sauƙi ne, Yaya. Ina da shi a haɗe.”

Ta saka masa wani ɗan shiri na Python, mai laburaren da ke sauraren madannai. Mako guda shirin yana naɗar duk harafin da Maina ya taɓa, har da jinkirinsa da yadda yake kuskure ya goge. Daga nan ya karɓi aiki. Saƙo na shigowa, sai haruffa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ba hannun kowa: “Yana tafiya daidai, ranka ya daɗe.” Shef ya amsa: “Madalla. A ci gaba.”

Wata uku Maina yana barin odinata a kunne, ya hau babur. Tattasai ya yi ja, shef bai taɓa ƙorafi ba.

Ranar sha tara ga Disamba ya duba allo. Jiya hutun Jamhuriya ne, biro a kulle, mabuɗi a aljihunsa. Amma ga shi a rubuce, ƙarfe goma da minti biyu, wai shi Maina yana zaune rapor yana tafiya daidai.

Ya kasa cin abinci. Ƴaƴa huɗu, ga aikin da ya sha wuya kafin ya samu. Ya rubuta takardar neman afuwa, ya yaga, ya sake rubutawa, sannan ya nufi gidan Bushra.

“Kin kashe ni. Abinki ya amsa wa shef ranar hutu. Yanzu ya gane komai.”

Bushra ta ci gaba da tsince shinkafarta, tana danne dariya.

“Yaya, ba ka tambayi kanka me ya sa shef ya nemi rapor ranar hutu ba?”

Maina ya ce, “Me kike nufi?”

“Shi na fara haɗa wa, wata biyu kafin kai. Tasa gonar a Gagamari take.”