Layin Jan Ƙyalle

Iya Thom ta tura tankin feshi bayan randa kafin motar baƙi ta gama tsayawa. Ta wanke hannu, ta jera ƙananan kofuna a kan tebur.

Ruwan kwana uku da aka yi a Phan Rang ya sa inabi ya fara ruɓewa, don haka da asuba ta yi wa gonar feshi mai kauri. Mai shagon magani ya ce a jira mako guda kafin a ci. To, shi ba ranar Asabar yake jira ba. Yau Asabar ce, ranar da baƙi ke zuwa su ɗanɗana giyar inabi, su shiga ƙarƙashin rumfar inabi da almakashi. Abin da suka ci a ciki kyauta ne, abin da suka fito da shi a auna.

Layi ɗaya ne magani bai taɓa ba, na ƙarshe, mai jan ƙyalle. Kowane manomi a nan yana da irinsa, na bakin mutanen gida. Nata kuwa, jikanta take ajiye wa.

Shekara tara ke nan da ɗanta Khiem ya aiko wasiƙa daga Saigon, da hoton jariri a nannaɗe. Ya riga ya auri wadda Iya ta hana shi, wadda ba ta taɓa yarda ta gani ba. Karatun Iya bai wuce na farashi ba, kuma ba za ta kai wa maƙwabta sirrin gidanta su karanta ba. Ta dubi goshin jaririn, ta ce namiji ne, magajin gona. Bayan shekara huɗu abokin aikin Khiem ya kawo mata tokar gawarsa a tulu. Ta aika cewa kada matar ta tako mata gida, amma yaron ya zo in ya yi wayo. Tun daga nan take jira.

Baƙin su huɗu ne. Miji mai tumbi, mata rufe da takunkumin rana da baƙin tabarau kamar duk matan birni, sai 'yan mata biyu. Babbar tana da baƙin tabo a ƙarƙashin kunne. Ƙaramar tana barci a kafaɗar mijin.

Iya ta zuba wa mijin giya, ta ba babbar yarinyar zumar inabi da ƙanƙara. Matar ba ta taɓa kofinta ba. Fuskarta na wajen ƙofar ɗaki, inda hoton Khiem yake a kan teburin magabata, an jera masa lemo saboda gobe ce ranar tunawa da shi.

"Iya, nawa kwalba?" in ji mijin.

"Dubu ɗari da hamsin."

"A bakin titi ɗari ce."

"Ka koma bakin titi, ɗan nan. Ruwan rijiya ma sun fi ni araha."

Ya yi dariya ya ce a sa huɗu. Matar ta miƙa kuɗi ba ta nemi ragin ko sisi ba. Iya ta raina ta a zuci.

Tana cikin naɗe kwalabe ta hangi babbar yarinyar. Ta wuce layukan gaba duka, ta tsaya a gindin jan ƙyalle, almakashi a hannun hagu. Tsohuwa ta isa wurin da saurin da ƙafarta ta manta, ta doke hannun. Almakashi ya faɗi.

"Ke, wa ya aike ki nan?"

"Kaka, wannan ya fi kyau."

"Ba naki ba ne. Ga gona can har ta yi miki yawa."

Ta kama kafaɗarta ta juya ta wajen layin tsakiya, inda ganye ke ɗauke da farin ƙura-ƙura. Yarinyar ta shanye kukanta, ta tsinka, ta goge a riga, ta kai baki.

Mijin ya iso yana huci. "Iya, na wani babban mutum ne?"

"Na jikana ne. Wata 'yar mashaya a Saigon ta cinye min ɗa, ta riƙe min jika. Amma jini ba ya ɓata. Zai zo."

Matar, wadda ta fara sauke takunkuminta, ta mayar da shi.

Rabin awa suka yi a ciki. Mijin giya ta cika masa ciki, matar ba ta ci ba, ƙaramar ba ta farka ba. Babbar ce ta yi ta ci, kamar mai huce haushi, har leɓenta ya yi shuɗi. Iya tana kallo daga inuwa. Sau ɗaya ta buɗe baki, sai ta tuna kuɗin kilo shida na inabin da suka tara a kwando, ta rufe.

Da za su tafi matar ta nemi izinin kewayawa. Ta ɗan jima. Yarinyar na jingine da mota, tana goge yawu da bayan hannu, tana cewa idonta na ganin hazo.

"Rana ce," in ji Iya. "Ku ba ta ruwa."

Mota ta tashi ta nufi hanyar dutse, inda sai an yi awa biyu kafin a ga asibiti. Iya ta ƙirga kuɗinta, ta soke a lalita.

Ƙamshi ne ya ja ta ɗaki. Tsinken turare uku na ci a gaban hoton Khiem, ba ita ta kunna ba. An jingina wani hoto a jikin tulun tokar: ɗanta ne a gadon asibiti, ya rame, yana murmushi, a cinyarsa wata 'yar yarinya mai baƙin tabo a ƙarƙashin kunne.