Sunan da Inna Ba Ta Kira

Tun da na'urori suka iya rera waƙa aka kafa doka: ba a sakin waƙar kowa sai mahaifiyarsa ta kira sunansa a gaban akwatin tantancewa, don a san mutum ne.

Duk 'yan ƙungiyarmu ta 'Yan Tushe sun tsallake, saura ni, kuma yau ake rufewa. Rufaida, mai haɗa mana kiɗa, har keken ɗinkinta ta sayar saboda kundinmu na hip-hop, "Ba Mu Manta Gida Ba".

Na durƙusa gaban Inna a tsakar gidanmu na Funtuwa, tana tankaɗe.

"Inna, Ghali kawai za ki ce. Sau ɗaya."

"Yaron nan, kai ɗan fari ne. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba."

Rufaida, da ta rako ni ɗauke da akwatin, ta matso da shi. "Inna, don girman Allah, ko da raɗa ne."

Inna ta dube shi, ta gyara mayafi. "Nawa ne. Ni na haife shi."

Akwatin ya ce, "Ba a ji suna ba. Ba a tabbatar da mutum ba."

"Inna, goge muryata za su yi!"

"Ba kai ka ce ba ku manta gida ba?"

Ta shige ɗaki. Muna zaure muka jiyo ta tana rera waƙata, baiti bayan baiti, ba kuskure. Da ta zo inda nake kiran sunana, sai ta yi shiru, ta tsallake.