Wurin da Jibo Ya Cika

Kwana uku ke nan Jibo na zaune baki buɗe, 'yar fitilar bayan kunnensa ta tsaya a ja. Matarsa Tasalla ta ɗora shi a keke napep sai ofishin sauke tunani.

Ma'aikaciyar ta leƙa allo ta ja tsaki. "Kansa ya cika maƙil, Baba. Kafin a sauke masa kaya sai na'urar ta sami ɗan wurin juyawa, wurin kuma ba ya samuwa sai an sauke. Shi ya sa doka ta ce kowa ya bar kason ko-ta-kwana. Mijinki ya cinye nasa."

"Me ya zuba a ciki?"

"Wani yaro ne yana tari a gadon asibiti."

Nafi'u ne, ɗansu da suka binne ranar Talata. Tasalla ta ce, "To ki goge wannan ɗin."

"Na'ura ta riƙe shi, ba ya taɓuwa. Abu ɗaya ne a sake da za a iya gogewa, shi ne ke. Ki sa hannu, ko ki kwashe shi ki yi ta ba shi koko da cokali. Akwai layi."

Shekara talatin da aure. Ta dangwala yatsa.

Fitilar ta koma kore. Jibo ya sauke numfashi, hawaye suka zubo masa. Ya juyo ya dube ta cikin ladabi.

"Baiwar Allah, ɗana ne ya rasu. Ko kin san inda uwarsa take?"