Jikan Mahauci a Gaban Eiffel

Jirgin ƙasa na safe Salifou ya biyo daga Lyon, inda yake aikin injiniya, don shi da Biba, ɗalibar da yake nema da aure, su yi hoto a gaban Hasumiyar Eiffel su aika gida. Amma tunda suka iso dandalin Trocadéro ba ta ɗaga kai ba.

Wani mai hoton nan-take ya ɗauke su, ya miƙa wa Salifou kati fari fat, ya ce a jira hoton ya fito.

"Baba ya aika garinku Tahoua an yi bincike," in ji ta, tana murza bakin gyalenta.

"Me aka samo?"

"An ce kakanka mahauci ne."

"Ni fa, Biba? Kin taɓa ganina da wuƙa?"

"Baba ya ce gidanmu ba a taɓa haɗa jini da mahauta ba." Sai yanzu ta dube shi, idanunta jajir. "Ka yafe mini."

Ta gangara matakalar tashar jirgin métro ba waiwaye. Ya dubi hannunsa. Hoton ya gama fitowa: hasumiyar tsaye a bayansu, shi kaɗai ke murmushi.