Launin Da Ya Zaɓa Mata

Ta ajiye kwamfutarta a teburin shagonsa, tsakanin wayoyin da yake gyarawa, ko zama ba ta yi ba.

"Injiniya, shafin ɗinkina nake so ya koma yadda yake tun farko."

Ya ɗago ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Shi ya ƙawata mata shafin na intanet da hannunsa, ya zuba masa ruwan hoda irin na mayafin da yake cewa ya fi yi mata kyau. Tun da mahaifiyarsa ta ce ba ta yarda da aurensu ba, shi kuma ya yi shiru, duk lokacin da ta buɗe shafin sai launin ya tuna mata da shi.

"Ki bar shi mana," ya ce a hankali. "Me launi ya tsare miki?"

"Nuna min inda ake dannawa."

Ya ja linzamin kwamfutar zuwa wurin da ke mayar da komai asalinsa.

"In aka danna, shi ke nan fa. Ban ajiye kwafi ba."

Ta tsaya tana kallonsa, tana jira ya ce zai sake komawa wurin Ummansa ya roƙe ta. Bai ce ba. Ta zare linzamin daga hannunsa ta danna, shafin ya koma fari fat.

Sai da ta fita waje hawayen suka zubo. Ai tun jiya ta gano wurin dannawar da kanta.