Kansila Ya Sauya Sheƙa

Kansila Nazeer ya hau benci a Ƙofar Mata, ya tuɓe hular jam'iyyarsa ya jefa a wuta.

"Ku shaida, na bar su har abada!" ya faɗa. "Jam'iyyar da ko kwata ba ta iya yashewa!"

Matasa suka sa ihu, kowa na ɗauka a waya. Nazeer sai murmushi. Kujerar majalisar jiha yake hari, tikiti kuwa a aljihun Alhaji Isyaku yake, jagoran ɗaya jam'iyyar. Yau Alhaji zai ga ƙauna da idonsa.

Ana cikin zuba tutocin tsohuwar jam'iyyarsa a wutar sai ga motar Alhajin. Nazeer ya duro da gudu, ya buɗe ƙofa, ya durƙusa. Yana ɗagowa ya ga hular kan Alhaji. Irin wadda ya ƙona ce sak.

"Albishirinka, Kansila! Da safen nan na shigo jam'iyyarku, kuma kai ne ɗan takarata." Alhaji ya shaƙi hayaƙi, ya yamutsa fuska. "Me kuke ƙonawa haka?"

Nazeer ya saci kallon wutar.

"Sauro muke kora, ranka ya daɗe."