Sojojin da Tsoho Ya Bayar

Kai da kake saurin cewa wane ya ruɗe don ka ga ya saki abin da ke hannunsa, zauna ka ji wannan.

An yi wani tsohon direban jirgin ƙasa da ke buga ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, a gindin wata darbejiya bayan tasha. Allon na amininsa ne da ya rasu, shekara talatin suna fafatawa a kansa har fentin gidajen ya koɗe. Al'adar majalisar kuwa, duk wanda ya ci mai riƙe da allo sau uku a jere, shi zai koma tafiya da shi gida. To, akwai wani mai shagon magani, mutum mai haƙurin tsiya, da ya riga ya ci tsohon sau biyu. Ba wai ya fi shi iyawa ba ne. Jan wasan kawai yake yi, ya toshe nan ya toshe can, har sai bayan tsoho ya ƙage, idonsa ya fara haɗa baƙi da fari, sannan ya lallaɓo ya gama da shi. Tsoho ya san haka sarai. Ya san kaifin kansa na rabin awa ne yanzu, daga nan sai abin da hali ya yi. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta, amma ransa bai yarda ya ga allon amininsa a hammatar wani ba.

Ran karo na uku, bayan la'asar, tsoho ya zauna da ƙyar ya jingina sandarsa. Ya tura ƙaramin sojan da ke gaban sarki taki biyu, kamar yadda kowa ke farawa. Sai ya tura na kusa da shi har bakin sojan abokin karawa. Aka ci, bai rama ba. Ya miƙa wani, aka ci. Ya bar na uku, shi ma aka lamushe, sai a nan ya kama ɓarawon sojan. 'Yan kallo suka fara satar kallon juna, wani ya girgiza kai don tausayi, wai tsufa ya gama da Baba. Mai magani kuwa sai jera ganimarsa yake a gefen tabarma yana gyara hula. Abin da bai duba ba shi ne, duk sojan da ya ɗauke, ƙofa ya buɗe wa tsoho. Shi manyan 'ya'yan dararsa suna gida a jere, ko ɗaya bai motsa ba, na tsoho kuwa sun riga sun fito fili sun sa sarkinsa a gaba. Daga nan bai sake samun sukunin toshe komai ba, kullum kare kai yake. Kafin mai shayin gefe ya gama wanke kofunansa, sarkin mai magani ya rasa gidan shiga.

Mai magani ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Baba, wallahi na ɗauka kuskure ka yi."

Tsoho bai ko yi murmushi ba. Yana zuba 'ya'yan a jakar da amininsa ya ɗinka musu, ya ce, "Ɗana, sojoji ina da takwas. Ƙarfin zama ne ba ni da shi."

Ya saɓa allon ya kama hanyar gida, sau biyu yana tsayawa hutu kafin ya kai. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ƙona rumbunsa, ya san inda toka ke tsada.